Danjar Injin Hajiya

Ni dai in mota za ta lalace, ta lalace a inda hannu zai taɓa. In kuloci ya ƙone na san warinsa. In sifirin ya karye zan ji ta kwanta gefe guda. Amma wuta? Allah ya raba bawansa da ciwon wutar mota. Ba ka ganinta, ba ka jin motsinta, sai ta bushi iska ta mayar da kai maƙaryaci a gaban mutane.

A shekarar da nake magana ina da wata tsohuwar a-kori-kura fara, kuma aikin da ke riƙe da gidana lokacin girbin shinkafar rani shi ne jan injin bugun shinkafa na wata Hajiya da ke zaune a cikin garin Kura. Mijinta ya rasu ya bar mata injin da gonaki a bakin kanal. Ni nake jan shi daga wannan gona zuwa waccan, tun daga ɓangarenmu na Bunkure har wajen Kadawa, kuma a ƙofar gidana yake kwana. Abin da na samu a wannan ɗan tsakanin shi ke kai mu har damina ta yi nisa. Ba ni da wata gonar kirki, injin nan shi ne gonata.

Tare da Yayana muke fita. Manomin rani ne tun ban san dama da hagu ba, ƙarfi ya fara ja baya, sai yake bina bayan azahar yana ɗan samun na cefane. Aikinsa ɗaura injin da kwance shi. Ni ina cikin mota ina ja da baya ina kallon madubi, shi yana yi mini nuni da hannu har zoben injin ya shiga bakin ƙarfen motar, ya zura wata ƙatuwar ƙusa da ke riƙe su, ya bubbuga bodi, mu tafi. In mun dawo shi zai kwance. Ban taɓa fitowa na duba aikinsa ba, don ba a taɓa samun matsala ba.

Wata rana da almuru muna dawowa ta hanyar bakin kanal, na taka birki saboda wani rami, sai na ji gwaf a baya. Wani mai babur ne da buhun albasa ya zo ya rungumi bayan injin. Allah ya tsare, ƙwaurinsa ne kawai ya kuje, fitilarsa ta tarwatse. Bakinsa kam bai ji ciwo ba, kafin mu kai gida labari ya isa Kura. Kuma yana da gaskiya. Injin ya fi motata faɗi da tsawo, ya rufe danjar motar ruf, shi kuma babu ko ƙwan fitila ɗaya a jikinsa.

Washegari Hajiya ta aiko in je. Na durƙusa a zaure, tana daga bakin ƙofar cikin gida.

"Malam direba," in ji ta, "ni mace ce, ba ni da mai tsaya mini a gaban hukuma. In aka kashe ɗan mutane da injina, sunana za a kira, ba naka ba. Ka sa masa danja irin ta mota, mai kamawa in an taka birki. In ba za ta yiwu ba ka faɗa mini tun yanzu in nemi wani."

"Ranki ya daɗe, ai wannan ƙaramin aiki ne," na ce. Da na san abin da ke gabana da na ciji harshena.

Da safe, lokacin Yaya yana ban ruwa a 'yar gonar masararsa, na ɗaura injin da kaina na kai wa wani mai rewaya, mai gyaran wutar mota, a bayan tashar Kura. Dogo ne mai cin goro, kullum da wani ƙwan gwaji rataye a wuyansa. Ya kafa jajayen fitilu biyu a bayan injin, ya ja waya biyu, ɗaya ta fitilar dare ɗaya ta birki, ya haɗa su da na motar, ya yi mini mahaɗar da zan riƙa cirewa ina mayarwa.

"Taka!" Na taka. "Saki! Kunna ta dare! Sake takawa!" Ya tofar da tukar goro. "Shi ke nan, oga. Yanzu wanda ya bugi injin nan da gangan ya yi."

Na fito na gani da idona, yana takawa ina kallo, ja wur har cikin hasken rana. Na biya ta gidan Hajiya na ce mata an gama. Har da rantsuwa, alhali ba ta ce in rantse ba.

A ranar muka fita aiki da Yaya. Tun a hanyar zuwa na lura in na taka birki 'yan fitilun gaban sitiyari suna ɗan kawowa, alhali ban kunna komai ba. Na ce tsufan mota ne. Da magariba muna dawowa wani mai adaidaita sahu ya sha gabana yana leƙo kai.

"Direba! Danjarka baya-baya take aiki!"

Na tsaya. Na sa Yaya a kujerata na nuna masa birki, na zaga baya. Fitilun suna ɗan ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na ce ya taka. Yana takawa suka mutu ɗungurungum. Ya saki, suka ɗan farfaɗo. Wato daidai lokacin da na baya yake bukatar ya gan ni, lokacin ne nake ɓacewa. Gara ma babu su. Na tsaya a kan ƙarfen da ya haɗa motar da injin, na cire mahaɗar wayar, na hure ta, na goge a rigata, na mayar, na murɗa. Ko gezau.

Da sassafe na ɗaura injin na koma wajen mai rewaya raina a ɓace. Na kwashe bayani na yi masa. Ya gyaɗa kai ya ce wannan alama ce ta wutar da ba ta samun hanyar komawa, suna da sunan da suke kiranta da Turanci. Ya kwance fitilun, ya kankare tsatsa da fenti a inda suke manne da jikin injin har ƙarfen ya yi fari, ya mayar.

"Taka!"

Ja wur.

"Ka gani? Ta warke."

Da magariba ta sake mutuwa.

Daga nan na zama ɗan gida a rumfarsa. Ya canza ƙwayayen fitilun. Ya canza fis. Ya canza makunnin da ke ƙarƙashin birki, wanda lafiyarsa ƙalau, na san lafiyarsa ƙalau, amma na bar shi ya canza don in ga an yi wani abu. Ya ce wataƙila jijjigar hanya ce ke raba waya, na ɗauke shi a bayan mota muka bi hanya mafi muni a bayan gari, ina faɗawa kowane rami da gangan, yana leƙen fitilun ta saman injin. Ko ƙyaftawa ba su yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: duk sanda na kawo ta gabansa sai ta nutsu, in mun fita gona sai ta haukace.

Mazauna rumfar suka samu abin yi. Ina shawo kwana za ka ji an ce, "Ga mai danja nan!" Shi kansa mai rewayar ya fara kallona wani iri.

"Oga, tsakani da Allah, ka tabbata birki kake takawa ba kuloci ba?"

"Ni? Ina tuƙi tun kana tallan goro za ka tambaye ni birki?"

"To ko mutanen ɓoye na bakin kanal ne ba sa son jan abu? A nemi malami mana, ni dai iya karatuna ke nan."

Aka kwashe da dariya. Wallahi na ji kamar in cusa masa ƙwan gwajin nan a baki.

Duk wannan da sauƙi. Wata magariba, ashe Hajiya ta je duba gonarta, tana cikin adaidaita a bayana tun daga wata kwalbati har kusa da titi, ban sani ba. Ban gama alwala ba wayata ta yi ƙara.

"Malam direba, ka rantse mini."

"Hajiya, wallahi an sa, kuma tana kamawa, sai dai..."

"Ga wata rantsuwar kuma. Ni da idona na gani, duk inda ka tsaya duhu ne. Da mai adaidaitan nan ba mai hankali ba ne da ni ce a ƙarƙashin injina." Ta ƙara da cewa, "An fara yankan babbar gonata. Ka kawo injin ƙofar gidana da magariba in ga danjar da idona. In an gama yanka ban gani ba, kada ka ga laifina."

Maganar aikin ta dame ni, amma wannan "ga wata rantsuwar kuma" ita ta hana ni cin tuwo. Ban taɓa cin amanar matar nan ko da ƙwayar shinkafa ba, yau ga wayoyi biyu sun mayar da ni mutumin da ba a yarda da wallahinsa.

Na daina kai magariba a gona. La'asar na yi sai in ce a kashe injin mu tafi, manoma suna ta surutu, ga shinkafa a yashe a ƙasa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kullum yamma. Wasu suka koma bugu a jikin duro da hannu, suna aiko mini da baƙar magana. Safiyata kuma ta tafi a ƙarƙashin mota. Na ce tunda rewaya ya gaza bari in gwada da kaina. Na ɗaura injin a ƙofar gida, na tokare birki da taɓarya, na bi wayar nan kamu-kamu tun daga batir har ƙarshen injin, ina matsawa, ina ja, ina girgizawa, ina jiran ta mutu in kama ta. Ta ƙi mutuwa. Garin tone-tone na haɗa wasu wayoyi biyu, fis ya ƙone, hon ma ya ɗauke. Na fito na shuri taya na ce mata abin da ba zan rubuta a nan ba. Maiɗakina ta leƙo daga zaure.

"Maigida, maƙwabta fa suna ji. Kuma a ba ni taɓaryata in an gama."

Ranar da abin ya fito fili ba dabarata ba ce. Injin ban ruwan Yaya ne ya ƙi tashi, ya ce zai bi ni Kura ya sayi fulogi. Tunda yana nan, shi ya ɗaura injin Hajiya kamar yadda ya saba, ya bubbuga bodi, muka kama hanya. Ina taka birki a kwanar farko sai na ga 'yan fitilun gaban sitiyari sun kawo. Ban taɓa murna da ganin lalacewa irin ta ranar ba. Na riƙa lallaɓa motar ina kauce wa ramuka, ina addu'a a zuci kada Allah ya sa ta warke kafin mu isa.

"Ga mai danja nan!"

"E, shi ne," na ce. "Zo ka tsaya a baya, malam rewaya."

Na kunna ta dare. Ya ce in taka. Na taka. Shiru.

"Taka mana!"

"Na taka har ƙafata tana rawa!"

Rumfa ta yi tsit. Na ji daɗin wannan shirun, ba zan ɓoye ba. Ya ce in ci gaba da takawa. Ta madubi na ga ya ɗauko guntun waya, ya dafa bakinta ɗaya a jikin injin, ɗayan a jikin motar. Mutanen rumfa suka ce, "Ta kawo!" Ya ɗage. "Ta ɗauke!" Ya tsaya yana kallon tsakanin motar da injin, sannan ya tsuguna a gindin ƙusar nan. Ya daɗe a tsugune. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Oga, sauko ka ga malamin da ya ɗaure maka danja."

Roba ce. Robar cikin taya, wadda ake yankawa siri-siri. An naɗe ƙusar da ita tun daga kai har gindi, naɗi mai kyau, babu inda ƙarfe ya leƙo. An kuma yanko faffaɗa biyu an huda tsakiyarsu, ɗaya a saman zoben injin, ɗaya a ƙasansa. Babu inda ƙarfen injin ya taɓa ƙarfen mota ko da faɗin farce.

Na sha tsayawa a kan robar nan ina hure mahaɗar waya. Na gan ta, ban gan ta ba. A wajenmu wa yake ganin roba? Da ita ake ɗaure bakin tiyo a injin ban ruwa, da ita ake ɗaure kwandon tumatir a babur, ƙotar fartanya in ta tsage, ƙafar kujera, murfin jarka, har rediyon da ya faɗi. Manomin rani bai fita ba roba a aljihu. Da zan ga ƙusa tsirara a hannun Yaya, ita ce za ta ba ni mamaki.

Mai rewaya ya share hawaye ya yi mini bayani da yaren da zan gane. Ya ce wuta kamar ban ruwa take, in ta shiga dole ta samu magudanar fita. Wayoyinsa biyu kai wuta kawai suke yi, hanyar dawowarta ta jikin ƙarfen injin ce, ta bi ta ƙusar nan ta shiga jikin mota ta koma batir. An toshe magudana, sai ta riƙa malala ta bi ta inda ta samu, shi ya sa take ɓullo mini a gaban sitiyari. Ni kuma in na ɗaura da kaina da safe, ƙusa nake jefawa kawai in tafi.

Yaya ya dawo daga shagon fulogi ya tarar da mu a tsugune an zagaye ƙusarsa.

"Yaya," na ce, "wannan robar fa?"

"Wace? Au, wannan. Ai tun bara nake sa ta."

"Saboda me?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin sa hula. "Ba ka jin yadda ƙusar take dukan zoben? Cin sa take yi. Na ga ramin ya fara faɗi, na ce kayan marayu ne, kada ya lalace a hannunmu. In mun dawo in cire abata in adana, don yara suna kwashewa su yi danƙo."

Abin da ya taso mini a ƙirji, da wani ne ba Yaya ba, da kasuwar Kura ta ji mu. Ga safiyoyina da suka tafi a banza, ga dariyar rumfa, ga manoman da suka gudu, ga Hajiya da ta daina yarda da rantsuwata. Kuma ba wanda zan kama. Mutumin nan gyara ya yi. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Haba Yaya. Haba Yaya!" Na juya na daki bodin motar da tafin hannu har sai da ya yi mini zafi.

Aka fahimtar da Yaya. Ya tsuguna ya warware robarsa a hankali, ya naɗe ta a yatsu ya sa a aljihu. Mai rewaya ya ja waya ta uku daga jikin injin zuwa jikin mota, abin da ya kamata ya yi tun ranar farko, na kuma gaya masa haka ba tare da na tauna ba. Ya ce, "Baba, yanzu ko katifa kuka ga dama ku sa a wurin." Yaya ya girgiza kai. Ya zura ƙusar haka nan.

Ban koma gida ba. Muka zauna a Kura har rana ta faɗi, muka yi sallah a masallacin tasha, na kunna fitila na nufi gidan Hajiya, ƙusa tana ta ƙwal-ƙwal a bayanmu, Yaya yana kallon taga. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ana walƙiya daga nesa.

A ƙofar gidan na tarar da tarakta tana aiki a tsaye, direbanta yana zaune a kan taya yana danna waya.

Hajiya ta fito bakin zaure. Ban ko gaishe ta yadda ya kamata ba, na ce ta duba. Na sa Yaya ya taka, ya saki, ya sake takawa. Bangon gidan da ke kallon nata ya yi ja.

"Ma sha Allah, ta kama," in ji ta. Ta dubi sama. "Malam direba, tun jiya aka gama yanka. Na aika gidanka da hantsi aka ce ka fita. Shinkafata tana ƙasa, ka ga abin da ke tahowa. Na riga na yi magana da wannan, shi zai ƙarasa mana girbin bana."

"Ranki ya daɗe, ai taraktar nan ba ta da ko fitilar gaba."

"Ya ce yau ne kawai zai yi tafiyar dare, don a kwana da injin a gona. Daga gobe da rana zai riƙa yi." Ta gyara mayafi. "Na riga na yi magana."

Yaya ne ya zare ƙusar. Ni na cire mahaɗar da hannuna. Mai taraktar ya ja injin ya ɗaura, ya ga wayoyi uku suna lilo, ya naɗe su a jikin ƙarfen don kada su ja ƙasa. Sannan ya je gindin darbejiyar ƙofar gidan ya karyo reshe, ya soke shi a bayan injin, tsakanin sababbin fitiluna biyu, ya hau ya ja.

Hanyar gonar Hajiya ita ce hanyar garinmu. Muna sauka daga kwalta na cim masa, yana tafe a duhu, sai ganye ke kaɗawa. Raina ya ɓaci iya ɓaci, na so in danna masa hon in wuce in bar shi da ganyensa, sai na tuna hon ɗin ma ban gyara ba. Ta madubi na hango fitilun babura suna tahowa da gudu, masu sauri su kai gida kafin ruwa. Mai taraktar ya matsa gefe ya miƙo hannu yana yi mini alamar in wuce.

"Ya ba ka hanya," in ji Yaya. Ita ce maganarsa ta farko tun rumfar rewaya.

"Na gani."

Ban wuce ba. Na sa giya ta biyu na bi bayansa, fitilata a kan injin, duk ramin da ya rage gudu in taka birki tun kafin ya kai don na baya su ga danjata, masu babura suna zagina suna ratsawa ta gefe. Haka muka tafi har ya karya ya shiga gonar Hajiya, ko waiwaye bai yi ba. Aka fara yayyafi. Na sa giya ta uku muka nufi gida, motar ta yi sakayau, ba abin da take ja.